Ina so in karanta imel ɗina da kaina

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne, shekaruna 46, ina da iyali. Hawan jinin ido ya yi ta cin ganina a hankali, yau shekara biyu ke nan ko hasken fitila da ƙyar nake bambancewa. Kafin lalurar ina taɓa kwamfuta, amma da ido da linzami nake yi, bugun rubutuna kuma na yatsa biyu ne. Yanzu komai na ofis ta imel yake zuwa. Ɗan ƙanwata da ke zaune a gidana shi ke buɗe mini ya karanta, in faɗa ya rubuta amsa, kalmar sirrin ma shi ya zaɓa. Kwanan baya saƙo ya shigo kan wani bashi da na ci, kafin mako ya zagayo maganar ta kai kunnen dangi. Ban ce masa komai ba, amma abin ya tsaya mini a rai.

Na sayi laftof na gwanjo. Wani mai shago ya saka mini JAWS, manhajar da ke karanta wa makaho allon kwamfuta da murya, wanda ya ce fasasshe ne, yana cikin magana sai ya yi shiru, mai shagon ya kuma ce dole in sayi kibod na musamman na makafi wanda kuɗinsa ya kusa albashina. Wani abokina makaho ya yi mini kwatancen shafin Gmail mai sauƙi, mun nema ba mu samu ba. Idan na danna inda aka ce alamar @ take, wani abu daban ke fitowa, maɓallin Insert kuwa an duba an rasa. Shugabana a ofis ya fara cewa ko zan yi tunanin ajiye aiki. Wace manhajar imel zan riƙe, kuma wane kibod zan saya?

Ɗan'uwanku daga Gusau

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa wannan lalura ta zama kaffara, ya ƙara haƙuri. Malam, kada ka ajiye aiki, kuma kada ka ƙara ba mai shagon nan ko sisi. Ni ma da kunne na karanta wasiƙarka, da yatsu nake rubuta maka amsa, kuma kayan da nake aiki da su ba su fi ƙarfin aljihunka ba: manhajoji biyu na kyauta, da kibod irin wanda ake sayar wa kowa a kasuwa. Abin da zai ci maka shi ne lokaci da juriya, musamman a makonnin farko, gara ka san wannan tun yanzu.

Mu fara da muryar da ke karanta maka fuskar kwamfuta, domin komai a kanta yake hawa. JAWS ba abin rainawa ba ne. Wani Ba'amurke mai suna Ted Henter, wanda ya makance a hatsarin mota a 1978, shi ya assasa shi, na Windows ɗinsa ya fito a 1995, kuma har yau makafi da yawa a ofisoshin Amurka da Turai da shi suke cin abinci. Sai dai na kuɗi ne, kuɗin kuma da dala. Wanda bai biya ba minti 40 yake samu, daga nan sai an sake kunna kwamfuta. Shirun da kake ji ko daga nan yake, ko daga ɓarnar da aka yi wajen fasa shi. Abin da ya fi damuna ma ba shirun ba ne. Manhajar karanta allo tana sane da kowane maɓalli da ka danna, har da kalmar sirrinka da lambobin bankinka. Wadda ta bi ta hannun mutanen da ba ka sani ba, suka buɗe cikinta suka yi abin da suka ga dama, ba a ba ta wannan amana. Ga kuma haƙƙin masu ita. A goge ta, in so samu ne ma a sake wa laftof ɗin Windows gaba ɗaya a wajen wanda ka yarda da shi.

Madadinta NVDA. Makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina ta tun daga 2006, saboda sun ga bai kamata makaho ya biya kuɗi na daban kafin ya yi amfani da kwamfutar da mai ido ke kunnawa kawai ya ci gaba ba. Ƙungiyarsu NV Access ke kula da ita, kyauta ce, kuma daga shafinsu kaɗai za ka sauke ta. Ba ta da nauyi, tsohon laftof yana ɗaukarta, amma sababbin da suka fito tun daga 2024 sun daina hawa Windows 7, don haka a duba wanda ke kan naka. Ko kafin ka saka ta ba a bar ka a duhu ba: Windows na da nasa mai karatu a ciki, Narrator, wanda ke tashi idan ka haɗa Control da maɓallin Windows da Enter. Ka riƙe wannan haɗin a ka, ranar da wani abu ya sami NVDA shi zai fitar da kai. NVDA kuwa da Control da Alt da N ake tada ta, Control shi kaɗai kuma yana sa ta yi shiru idan surutun ya ishe ka.

Yanzu maganar kibod, inda nake so mu daɗe, domin nan ne mutane suka fi asarar kuɗi.

Abin da ake tallatawa da sunan kibod na makafi yawanci ɗayan biyu ne. Ko dai mai manyan haruffa baƙi a kan rawaya, wanda amfaninsa ga mai sauran gani ne, ko kuma na yau da kullum da aka manna wa ɗigon Braille, rubutun makafi da ake shafawa da yatsa, a kowane maɓalli. Na farkon ba naka ba ne. Na biyun kuma rage maka gudu zai yi, don mai bugun rubutu na gaskiya, mai ido ko makaho, ba ya tsayawa laluben harafi. Akwai wata na'ura daban da ke fito da rubutun kwamfuta da ɗigon Braille a ƙarƙashin yatsa, tana da amfani ƙwarai ga wanda ya iya Braille, amma tana da tsada, kuma ba ita ce matsalarka ta yau ba.

Ka ɗora hannu a kan kowane kibod, ka shafa layin tsakiya na haruffa. Za ka ji ɗan tudu a kan maɓalli biyu, F da J. An yi su ne don a sami wuri ba tare da kallo ba. Manuniyar hagu a kan F, ta dama a kan J, sauran yatsun hagu su zauna a kan D da S da A, na dama su bi K da L da maƙwabcin L, manyan yatsu kuma a kan dogon maɓallin tazara. Daga nan kowane yatsa ke fita ya taɓo harafinsa ya dawo. Bugun yatsa biyu da ka saba ya dogara da ido, dole ka bar shi, kuma wannan shi ne aiki mafi nauyi a duk abin da zan faɗa maka. NVDA za ta taimaka: ka danna maɓallin NVDA, wato Insert (ko Caps Lock idan an saita shi), tare da 1, sai ta shiga yanayin koyo, duk abin da ka taɓa ta faɗi sunansa da aikinsa ba tare da ta aiwatar da komai ba. Ka danna yadda ka so, ba abin da zai goge ko ya lalace. Ka sake danna haɗin ka fita. Maɓallin NVDA da 2 yana sa ta faɗi kowane harafi da ka buga, da 3 kuma kowace kalma. Da farko ka bar haruffa, idan hannu ya faɗa ka koma kalmomi. Rabin awa bayan asuba kullum ya fi awa biyar ranar Asabar.

Wanda za ka saya shi ne cikakken kibod na tebur, mai maɓallai 104 ko 105, mai waya da ake cusawa a USB. Ba sunan kamfani za ka bi ba, abin da hannunka ya ji za ka bi. Layin sama na F1 zuwa F12 ya kasance rukuni-rukuni, huɗu-huɗu, da rata a tsakani, yadda za ka cafko F5 ko F8 ba sai ka ƙirgo daga farko ba. Kibiyoyi huɗu su tsaya su kaɗai, uku a ƙasa ɗaya a sama, da fili kewaye da su. A samansu akwai tarin maɓallai shida, layi biyu: Insert da Home da Page Up a sama, Delete da End da Page Down a ƙasa. Ga Insert ɗin da kuka rasa, shi ne kuma maɓallin NVDA da nake ta ambata. A can dama akwai ɓangaren lambobi, da tudu a kan 5. Idan ka kashe Num Lock wannan ɓangaren ya zama wurin bitar rubutu: 8 ya karanta layi, 5 kalma, 2 harafi, babban 0 na ƙasa kuma ya zama Insert na biyu a ƙarƙashin babban yatsanka. Idan ka danna 2 sau biyu da sauri za ta ba ka kalmar da ke fayyace harafin, ka san B ne ko D, M ne ko N. Wanda ya taɓa aika wasiƙa ta ɓata saboda harafi ɗaya a adireshi ya san darajar wannan. Ka kuma lalubi layin ƙasa, kusa da Control na dama, ko akwai maɓallin da ke buɗe jerin zaɓi irin na danna linzami ta dama. Idan babu, Shift da F10 na yin aikin.

Na ce mai waya ne don dalili. Mara waya da ɗan haske yake sanar da ƙarewar batir, kai kuwa ba ka ganin hasken, sai kawai ka ji kwamfuta ta daina amsawa ka rasa ko kibod ne ko muryar ce ta mutu. Wasunsu kuma barci suke yi, su haɗiye harafin farko da ka buga. Ka guji shafaffen kibod wanda maɓallansa ke manne da juna ba tudu ba kwari, ka guji masu ƙara irin na 'yan wasan gem, don ƙararsu na danne muryar da kake saurare, kuma abokan ofis ba za su gode maka ba.

Kada a aiki yaro ya sayo maka. NVDA na da wata baiwa: daga cikinta ana iya yin kwafi a filash wanda ke tashi a wata kwamfuta mai Windows ba sai an girka ba. Amma ga wannan sayayyar, ka ɗauki laftof ɗinka da iyafis ka je shagon da kanka. A cusa kibod ɗin, ka shiga yanayin koyo, ka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya kana jin sunansu. Sannan ka gwada haɗin uku-uku, kamar Insert da Control da kibiya, domin wasu masu arha ba sa jin maɓalli uku a lokaci guda, kuma mai ido ba zai taɓa lura da wannan aibin ba. Idan mai shago ya ƙosa, ka je na gaba. Da ka kawo shi gida, ɗigon jan farce ko na gam a kan 'yan maɓallai ya isa alama, misali Delete da 5 da 0 na layin lambobin sama. Kada su wuce huɗu ko biyar, in sun yi yawa sun daina zama alama. Lokacin hunturu ka riƙa rufe shi da ƙyalle.

Kibod ɗin jikin laftof ma kada ka yar da shi, don ba kullum za ka yi yawo da babba ba. Taga ta farko da NVDA ke buɗewa tana tambayar tsarin tebur kake so ko na laftof, da kuma ko Caps Lock ya zama maɓallin NVDA. Ka amsa wa na biyun e, ko da babban kibod kake aiki, don Caps Lock na nan kusa da ƙaramin yatsan hagu. Idan manyan baƙaƙe kake so sai ka danna shi sau biyu da sauri. Idan F1 zuwa F12 na laftof ɗin ƙara murya suke yi ko kashe intanet, a laftof da yawa Fn da Escape na mayar da su aikinsu na asali. A wasu sai an shiga saitin da ke zuwa kafin Windows ya tashi, can kuwa babu murya, nan za ka bukaci mai ido sau ɗaya. A kashe maka ɗan faifan linzamin da ke gaban kibod, don tafin hannu na taɓa shi ya jefa ka wani wuri ba ka sani ba.

Alamar @ ba kai ne ka kasa ba. A tsarin Amurka tana kan Shift da 2. A tsarin Ingila, inda laftof na gwanjo da yawa ke fitowa, Shift da 2 alamar zance yake bayarwa, @ kuwa tana kan Shift da maɓalli na biyu a daman L. Hannu ma na gane jikin kibod ɗin: na Ingila Enter ɗinsa dogo ne ya ci layi biyu, Shift na hagu gajere, na Amurka Enter a kwance yake, Shift na hagu mai faɗi. Amma abin da ke fitowa ba fentin da ke kan maɓalli ke yanke shi ba, saitin Windows ne, kai kuma fenti bai dame ka ba. Ka zaɓi tsari ɗaya, ni na Amurka nake ba da shawara, a saka shi a laftof da kwamfutar ofis duka, a cire sauran don kada haɗin Windows da tazara ya sauya maka shi cikin kuskure. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke da kibod na Faransa, nasu @ na kan Alt na dama da 0, kuma A da Q sun yi musayar wuri, haka Z da W.

Sai manhajar imel. Abokinka gaskiya ya faɗa, zamanin ne ya wuce. Shafin Gmail mai sauƙi, wanda makafi suka daɗe suna ƙauna, Google ta rufe shi a farkon 2024. Outlook Express ya tafi tare da Windows XP, Windows Live Mail an daina tallafa masa a 2017, ƙaramar manhajar Mail da ke zuwa da Windows kuma a ƙarshen 2024. Tun 2022 ma Google ba ta barin tsofaffin manhajoji su shiga da kalmar sirri kaɗai. Duk wanda ya ce zai farfaɗo maka da ɗayansu, ka yi masa godiya ka wuce.

Ni Thunderbird zan ce ka riƙe. Ta Mozilla ce, masu Firefox, kyauta ce, tana nan tun 2004. Adireshinka na Gmail ba zai canza ba, ita dai za ta riƙa ɗebo saƙonnin ta jera maka su a kwamfuta. Dalilina biyu ne. Na farko, jeri ne tsantsa: kibiyar ƙasa ta kai ka saƙo na gaba, muryar ta faɗi wanda ya aiko da kan magana da lokaci, Enter ya buɗe, Delete ya goge. Ba talla, ba abin da zai faɗo maka daga gefe. Na biyu, tana ajiye saƙonni a cikin kwamfutar. Ka kunna data na ɗan lokaci su sauko, ka kashe, ka zauna ka karanta a natse, ka rubuta amsoshi, Control da Shift da Enter ya ajiye su sai sabis ya dawo a aika. Ga mai koyo da zai iya shafe rabin awa a kan wasiƙa ɗaya, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Ba zan ɓoye maka aibinta ba. A 2023 sun sake mata fasali, makafi da yawa suka ji jiki kafin abubuwa su daidaita. Saboda haka ranar farko a yi saiti huɗu. Jerin saƙonni ya zama na tebur, ba na kati-kati ba. A kashe haɗa saƙonni masu kan magana ɗaya wuri guda, kowanne ya tsaya da kansa. A danna F8 a rufe ɓangaren da ke leƙa saƙo kafin a buɗe shi. A kuma sa saƙo ya riƙa buɗewa a sabuwar taga, yadda Escape zai rufe shi ka koma jerinka daidai inda ka tsaya. Bayan wannan abin da za ka haddace kaɗan ne: Control da N sabuwar wasiƙa, Control da R amsa, Control da L tura wa wani, Control da Enter aikawa, F6 tsallakawa tsakanin foldoji da jeri, N shi kaɗai kuma ya kai ka saƙon da ba ka karanta ba. Cikin sabuwar wasiƙa Tab ke ɗauke ka daga adireshi zuwa kan magana zuwa jiki. Control da Shift da A na maƙala takarda. Akwai wani ɗan abu da nake so a cikinta: tana tunatar da mutum idan ya ambaci maƙala takarda a rubutunsa amma bai maƙala ba, kuma za ka iya ƙara mata kalmomin Hausa irin su "na haɗo" ko "na maƙala" a jerin kalmomin da take lura da su. Ka yi hattara da Control da Shift da R, wannan kowa da ke cikin saƙon yake ba amsa, har da shugaba.

Idan imel ɗin ofis na Microsoft ne kuma an ce dole Outlook, ba matsala, NVDA na tafiya da shi. Ka nemi tsohon Outlook na cikin Office, don ya fi sabon natsuwa a kunne. Control da R amsa ne a can ma, Control da Shift da M sabuwar wasiƙa, Alt da S aikawa. Shafin Gmail na burauza ma ana iya aiki da shi sarai idan an kunna gajerun maɓallansa a saiti, C rubutawa, R amsa, J da K sauka da hawa, amma sai ka gane sauya yanayi da maɓallin NVDA da tazara, abin da ke rikita sabon shiga. Ka bar shi sai nan gaba. Waya kuma, TalkBack a Android ko VoiceOver a iPhone suna karanta manhajar Gmail da kyau, don duba abin da ya shigo a hanya. Doguwar amsa ta jira kibod.

Muryar Turanci za ta karanta maka Hausa a karkace, musamman ƙ da ɗ da ɓ. Kunne na sabawa da sauri fiye da yadda kake zato, amma akwai dabara biyu. Cikin muryoyin eSpeak da ke zuwa tare da NVDA akwai ta Swahili, wadda ke furta wasula biyar kusan yadda muke furta su, ka gwada ta ka ji. Sannan NVDA na da ƙamus na furuci inda za ka ce mata duk inda ta ga ƙ ta furta k, ko ta gyara sunanka da na garinku. Wajen rubutawa kuma Windows na da tsarin kibod na Hausa da ke fito da haruffa masu lanƙwasa, idan kana bukatarsu.

Abu biyu za su ba ka haushi, gara ka shirya. Takardar da aka ɗauka hoto aka turo, a wurin manhajar karatu babu rubutu a cikinta. Maɓallin NVDA da R na ƙoƙarin gano haruffan hoton ya karanta, yana yi idan hoton ya fita tsaf, ba ya yi da rubutun hannu ko takardar da aka ɗauka a karkace. Na biyu, 'yan damfara. Saƙo zai zo da sunan banki, muryar ta karanta sunan da kyau. Ka bi adireshin wanda ya aiko harafi-harafi, kuma kafin ka danna kowace mahaɗa, maɓallin NVDA da K zai faɗa maka ainihin inda za ta kai ka.

Na dawo kan yaron, domin na ji a wasiƙarka cewa nan ne ciwon yake. Abin da ya faru ba daidai ba ne, kuma kana da haƙƙin jin zafi. Magidanci mai shekara 46 bai kamata bashinsa da albashinsa da takardun asibitinsa su riƙa bi ta bakin yaro ba, komai kirkin yaron. Amma ka tuna shekara biyu yana zama yana karanta maka lokacin da tsaransa ke filin ƙwallo. Ɗora masa sirrin babba aka yi, nauyin kuma ya fi shekarunsa. Ba na ganin amfanin titsiye, kuma kada maganar ta je wurin ƙanwarka a matsayin ƙara. Ka kira shi ku biyu, ka sa masa albarka, ka ce masa kawu zai koyi yi da kansa, kuma shi kake so ya taimaka. Sharaɗin ɗaya ne: hannunsa ba zai taɓa kibod ba. Idan ka maƙale ya faɗa maka abin da ke kan allo, kai ka nemi hanyar fita. Zai yi ta jin kamar ya karɓa ya yi maka cikin daƙiƙa biyar, kai ma za ka ji kamar ka miƙa masa. Duk ranar da ka miƙa, ranar ba ka koyi komai ba.

Da zarar ka iya buga haruffa da lambobi ba kuskure, ka canza kalmar sirri da hannunka, da iyafis a kunne, bayan ka gwada rubuta ta sau da yawa a wani fili ka ji ta fita daidai. Canjin kaɗai bai isa ba. A cikin asusun Google ka duba lambar waya da adireshin da ake dawo da asusu ta kansu, su zama naka, ka fitar da duk wata waya da aka taɓa shiga da ita, ka tabbata ba a saita tura saƙonninka wani wuri ba. Wannan ba zargi ba ne, mai yiwuwa yaron ya sa lambarsa ne don sauƙi ranar da ya buɗe. NVDA kuma na da labule: maɓallin NVDA da Control da Escape na mayar da fuskar kwamfutar baƙa ƙirin, kai kana ji, na kusa da kai ba ya ganin komai. A ofis ka riƙa amfani da shi idan saƙon naka ne na kanka.

Shi kuwa shugabanka, kada ka sa hannu a kowace takarda, kada kuma ka yi masa alkawarin baki. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta wariya saboda nakasa, ta kuma nemi hukumomin gwamnati su yi ƙoƙarin ba masu nakasa aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. A 2020 aka kafa hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa, ga kuma ƙungiyar makafi ta Najeriya, inda za ka iya neman waɗanda suka riga ka a wannan hanya su zauna da kai. Ka san da waɗannan, amma ba da su za ka fara ba. Yawancin shugabanni ba mugunta ke sa su faɗi irin wannan magana ba, ba su taɓa ganin makaho na aiki da kwamfuta ba ne. Idan hannunka ya faɗa, ka rubuta masa imel da kanka, gajere, cikin ladabi, ka nemi abu uku: izinin saka NVDA a kwamfutar ofis ko tada ta daga filash, a riƙa turo maka sanarwa a rubuce a Word ko a jikin saƙo maimakon hoton takarda, da ɗan lokaci na sabawa kafin a auna aikinka. Ka sa kwanan wata, ka ajiye kwafi a folda ta daban, kuma idan ya amsa da baki, ka sake aika masa layi biyu na godiya da ke maimaita abin da ya amince da shi.